Buhu Mai Lamba Sha Ɗaya

Litinin, 23 ga Fabrairu 2015, bayan La'asar

Yau muka fara tonon shara. Shekara ashirin da ɗoriya ina aikin duba-gari, ina leƙa masai da kwatar mutane ana zagina a bayan ido, ban taɓa zaton zan ƙare da cusa hannu cikin bolarsu ba. Malam Abdulhamid, shugaban sashenmu, shi ya dawo daga taro da wannan sabon salo. Wai akwai masu tallafi da za su kawo mana injin niƙa roba, amma sai mun nuna musu kashi nawa cikin sharar gidajen Gombe za a iya sake sarrafawa. Shi ya yi alkawari a ɗaki mai sanyi, ni Suwaibatu nake shaƙar wari a rumfar bayan ofis.

Gida talatin muka ɗauka, daga Tudun Wada da Malam Inna da Manawashi. Kowane gida buhu ɗaya kullum, da lamba a jiki, babu suna. Baba Matiyu, direban a-kori-kurar ofis, shi ke zagayawa da safe ya karɓi cikakke ya ba da fanko. In ya kawo mu ɗora a sikeli, mu juye a kan tampol, mu ware: leda nan, roba nan, gwangwani, kwalba, kwali, tsumma, ragowar abinci, sai toka da ƙasa.

Samun gidajen ma aiki ne. Wata tsohuwa a Manawashi ta ce min, "'Yar nan, a zamanin nan ko buhun shinkafa aka ajiye min a ƙofa, gudu zan yi." Ban ga laifinta ba.

Gida na sha ɗaya na ƙanwata ne, Bilkisu, a Malam Inna. Makon jiya na roƙe ta ta ƙi. Jiya kuma ita da kanta ta bugo waya ta ce a sa su. Abin ya ɗaure min kai, don tun bara ko sallama ba ta so a yi musu.

Laraba, 25 ga Fabrairu, da Azahar

Masu tallafin nan za su sha mamaki. Abin da za a sake amfani da shi, matan garin nan sun riga sun sake amfani da shi sau uku kafin ya iso buhu. Gorar roba tana wajen masu kunu da zoɓo. Ƙarfe 'yan gwangwan sun saye. Ɓawon wake akuya ta cinye. Mu abin da ke iso mana toka ne, da ƙasar tsakar gida, da ledar fiya-wata kamar a nan ake haifar ta.

Baba Matiyu ya ɗaga wani takalmin roba da aka ɗinke shi har ba wurin sa allura, ya ce, "Hajiya, wannan ko injin Turawa ya gan shi sai ya ce a ƙyale shi ya huta." Na yi dariya har takunkumina ya zame. Rabon da in ji ya yi raha tun kafin tashin bam na tasha, wanda ya ci 'yarsa Lois. Awara take soyawa a bakin ƙofa.

Alhamis, 26 ga Fabrairu, bayan Magariba

Buhu na sha ɗaya.

Can ƙasa cikin toka akwai baƙar leda, a cikinta wata ledar, an ƙulle tam. Na kwance. Auduga da bandeji, jini ya bushe a wasu, wasu kuwa ɗanye ne. Da ƙafar wando ɗaya da aka yanke da almakashi. Baba Matiyu yana can yana wanke sikeli. Na cusa ledar a jakata.

Ban tsaya nan ba, da ma na tsaya. A cikin ragowar abinci na ga 'yar takarda a dunƙule, na buɗe. Albasa ce, dafaffiya, an tsince ta ɗaya bayan ɗaya daga cikin shinkafa an tara gefe.

Mutum ɗaya na sani a duniya mai wannan iya shegen. Ni na raine shi. Ranar da aka yaye shi Bilkisu ta ɗora min shi a cinya, ta ce tunda Allah bai ba ni nawa ba, ga wannan. Shekara goma sha uku yana ɗakina, ni yake kira Inna. Na yi faɗa, na yi lallashi, na niƙa albasar don kar ya gani, sai ya shinshina ya ture kwano. Da ya tasa ya koma wajen ubansa Bamanga, wanda suke kira Baffa, suna bin kasuwannin shanu. Bara ya tafi wata kasuwa ta gabas bai dawo ba. Wasu suka ce kwashe su aka yi a hanya. Wasu suka ce da ƙafarsa ya bi. Sau biyu ana zuwa a birkice gidan. An tafi da Bamanga, ya dawo yana ɗingishi, har yau bai faɗi abin da ya gani ba.

Shafi'u. Na rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Na ƙona ledar a murhu. Na wanke hannu.

Juma'a, 27 ga Fabrairu, da yamma

Na je.

A bakin lungunsu akwai samarin sintiri da sanduna, suka leƙa jakata suka ce in wuce. Mai unguwa ya riga ya yi shela tun watan jiya: duk gidan da aka samu ya ɓoye wani daga cikin waɗancan, ko ya yi jinyarsa, da gidan da mutanen gidan babu wanda zai kwana.

"Adda, ba ki ce za ki zo ba," in ji Bilkisu.

"Sai na nemi izini kafin in zo gidan ƙanwata?"

Ta shimfiɗa min tabarma nesa da sito. Sabon kwaɗo ne a ƙofar siton. Bamanga na zaune a jikin ƙofar da carbi, wai iska yake sha, a wurin da ko ganye ba ya motsi. 'Ya'yansu mata biyu suka gaishe ni suka shige ɗaki.

Na ce, "Na ga saƙonki."

"Ni ban aika miki komai ba. Shara ce."

"Bilkisu, bari in gan shi."

"Ki ga wa?"

Sai aka yi tari daga cikin siton. Bamanga ya yi maza ya ɗora nasa tarin a kai.

Ta matso har ina jin numfashinta. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, yau ma ba ta kira ba. "Ɗan naki ya diro ta katangar baya, mako biyu ke nan. Cinya ce. Bai faɗi daga ina ba, mu ma ba mu tambaya ba."

"Asibiti fa?"

"Mu ce me ya same shi? Ƙahon bijimi?"

Na miƙe zan nufi ƙofar, ta riƙe min zani. "Adda, ki ji tsoron Allah ki zauna. In suka zo nan, gidanki za su wuce, kowa ya san ke kika goya shi. Za su miƙo miki Alƙur'ani. So nake ki dafa ki ce rabonki da ganinsa tun bara, kuma ya zama gaskiya kika faɗa."

Na zauna. Ta kawo ruwa na sha. Muka yi hirar tsadar gawayi da ƙarfi don maƙwabta su ji.

A hanya na yi ta tunani. Ƙona audugar zai sa a ji ƙauri, bayan gidansu na zamani ne zai toshe, bolar unguwa kuwa kullum ana tonawa. Duk gaskiya ne. Amma na san ƙanwata. So take in sani, bakinta ne ba zai iya faɗa ba.

Asabar, 28 ga Fabrairu, da hantsi

Kemis uku na shiga, kowanne a unguwa daban, kowanne abu ɗaya na saya. Na ukun ya dube ni ya ce, "Hajiya, wa ya ji ciwo?" Na ce ni ce, aikin shara nake, kwalba ba ta barin hannuna. Na nuna masa tabo na gaske.

Na naɗe kafso da auduga da ruwan wanke ciwo cikin fankon buhu na sha ɗaya, na ninke shi kamar sauran. Ranar Litinin Baba Matiyu zai miƙa da hannunsa bai sani ba. Na san abin da nake yi masa. Na sani.

Litinin, 2 ga Maris, da Azahar

Akwai auduga. Alhamdu lillahi.

Talata, 3 ga Maris, da Azahar

Akwai. Da albasa ma. Yana cin abinci.

Laraba, 4 ga Maris, bayan La'asar

Wace irin mace ce ke buɗe buhu tana addu'ar ta ga jini? Ni ce. Nakan ajiye na sha ɗaya ƙarshe kullum, in aiki Baba Matiyu ɗebo ruwa, sannan in tona. In na ga ledar nan zuciyata ta sauka. Mai rai ake wa ɗauri.

Malam Abdulhamid ya leƙo da hankici a hanci, daga nesa, ya ce yaya lissafi. Na ce toka da ƙasa sun kusa rabi. Ya ce kar in gaya wa masu tallafi haka, in nemo roba. Na ce to, gobe sai in roƙi mutane su riƙa cin roba suna rage mana. Ya yi kamar bai ji ba.

Zafi ya fara. Kafin ƙarfe goma tampol ya cika da ƙuda.

Juma'a, 6 ga Maris, da safe

An yi ƙara jiya wajen kasuwa. An ce taya ce. An ce ba taya ba ce. Ba mu fita ba.

Buhu bai zo ba, ban san komai ba. Na share tsakar gidana sau uku.

Litinin, 9 ga Maris, bayan La'asar

Akwai, amma launin ya sauya. A da ja ne. Yanzu ruwan ɗorawa-ɗorawa, da kore a gefe. Na yi shekara biyu a ɗakin ɗaurin ciwo na asibiti kafin in koma duba-gari, na san wannan warin. Ba na so in san shi.

Buhu na huɗu bai zo ba, na Tudun Wada, gidan wani tela. Na tambayi Baba Matiyu. Ya ce, "Babu gidan." Na ce kamar yaya babu, sun tashi ne? Ya ce, "Hajiya, na ce miki babu gidan. Ƙofa ce kawai a tsaye." Ya ajiye fankon buhunsu a kan benci. Wannan gidan kullum shararsu ƙyallaye ne masu kyau, shuɗi da ruwan hoda, har na kan ware wa 'yar maƙwabciyata tana ɗinka wa 'yar tsana. Ban tambayi dalili ba. Babu mai tambayar dalili yanzu.

Na wanke hannu.

Laraba, 11 ga Maris, bayan Magariba

Ya gane.

Ya dawo daga zagaye bai sauke buhu ko ɗaya ba. Ya zo ya ajiye katin kafso da ƙullin auduga a kan sikeli, a gabana.

"A shingen jami'an tsaro yau suka ce in warware fankon buhunan ɗaya-ɗaya. Na kai na tara wata mota ta taho a guje, hankalinsu ya koma can, suka ce in tafi. Na tsaya gaba na warware sauran da kaina." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi. "Da sun gani, me zan ce musu, Hajiya? Ni da ban san hawa ba ban san sauka ba? Matata ta binne ɗaya. Kina so ta nemi gawata ta rasa?"

Na ce, "Baba Matiyu, ka yafe ni."

"Tun makon jiya nake ganinki kina cusa leda a jaka. Kina aikena ɗebo ruwa, randa a cike. Ni ba yaro ba ne." Ya cire hularsa ya mayar. "Ki gaya min saboda Allahn da ya yi mu. Wanda ke gidan nan, yana cikinsu?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ba ki sani ba."

"Ban sani ba. Na san dai ni na goya shi."

Ya kalli tarin ledar fiya-wata. Ya ce, "Ni ma na goya Lois. A wuya nake ɗaukarta zuwa coci. Da zanenta muka gane ta."

Sannan ya juyo ya dube ni.

"Shara aka ce in ɗauko, shara zan ɗauko. Magani kuwa kar ki ƙara sa min a mota."

Na ce, "Za ka faɗa?"

Ya je ya fara sauke buhuna.

Alhamis, 12 ga Maris, da Asuba

Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai na miƙe tsaye. In ya faɗa ba zan ce ya yi zalunci ba. Wannan ne ya fi ci min rai.

Alhamis, da Azahar

Ya zo aiki. Ya gaishe ni. Bai dube ni ba. Da aka zo kan na sha ɗaya ya ɗauki bokiti da kansa ya tafi famfo.

Akwai. Babu albasa. Babu ragowar komai sai ledar sikari da gishiri.

Asabar, 14 ga Maris, da yamma

Na kai maganin da kaina, a ƙasan kwanon dambu. Samarin sintiri suka buɗe, ɗaya ya ɗebi loma ya ce Hajiya ta iya dambu. Na ce ya ƙara.

Na gaya wa Bilkisu gaskiya: ƙafar nan in ba a cire ta ba za ta tafi da shi. Na ce akwai wani da muka yi aiki tare, ya yi ritaya, yana da hannu, ƙila in na durƙusa masa. Bamanga ne ya amsa, karo na farko da ya sa baki. "Adda, duk wanda ya shigo gidan nan ya gani, mun ɗora masa abin da muka ɗora wa kanmu. Ga yara mata biyu. Na je wurin nan na dawo. Ba zan bari su je ba."

Na ce, "To sai mu zuba ido?"

Ya ci gaba da jan carbinsa. Na ji kamar in fizge shi in watsar. Na ji kuma tausayinsa kamar in mutu. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Litinin, 16 ga Maris, da Azahar

Na sha ɗaya ya yi nauyi yau. Ɓaraguzan siminti ne a ƙasa, ƙanana, kamar an farfasa da gangan. Akwai auduga.

Talata, 17 ga Maris, da Azahar

Siminti kuma. Malam Abdulhamid ya ga nauyin ya ce, "Wannan gidan gini suke yi? Za su ɓata mana lissafi." Na ce daɓen sito suke gyarawa, ɓeraye sun huda. Bakina ne ya faɗa kafin kaina ya gane abin da na faɗa.

Daɓen sito.

Akwai auduga. Akwai auduga, ya Allah, to me suke fasawa?

Laraba, 18 ga Maris, bayan La'asar

Tun daga bakin lungu nake jin daka. Luguden mutum biyu, ba tsayawa. Da na shiga na tarar 'yan matan ne a kan turmi, gumi har ƙafa, tafin hannunsu ya yi ja. Na leƙa turmin. Dusa ce 'yar kaɗan, ta riga ta zama gari tun tuni. A ƙarƙashin ƙarar taɓaren akwai wata ƙarar, siririya, ta ƙarfe a kan siminti, daga cikin sito. In sun ɗaga ta yi shiru, in sun sauke ta buga.

Na kama hannun Bilkisu na ja ta madafa. "Yana raye kuke haƙa masa?"

Idonta a bushe. "Shi ya ce a fara. Ya ce kar a bar wa Baffansa aikin rana ɗaya, bayansa ba zai iya ba. Ya ce in an fitar da shi ta ƙofa, an kashe mu gaba ɗaya."

"Yana kwance yana kallo?"

"Shi ke nuna masa inda alƙibla take."

Na zauna a ƙasa. Ta ce, "Ya ce a gaishe ki. Ya ce ki yafe masa wahalar da ya ba ki."

Na ce ba zan gan shi ba, na yarda, amma ba mai hana ni zama. Na je na jingina bayana da ƙofar siton, fuskata na kallon turmi. Ƙarfen ya tsaya. Warin yana fitowa ta ƙasan ƙofa duk da turaren wutar da suka banka. Sai na kama karanta abin da nake tofa masa yana ƙarami in zazzaɓi ya kama shi.

Daga ciki, ƙasa-ƙasa, kamar daga rijiya, aka ce, "Inna."

Na ce, "Na'am."

Shi ke nan. Bai ƙara ba, ban ƙara ba. Ina da tambaya ɗaya da na shekara ina ɗauke da ita, ko kai ka tafi ko tafiya aka yi da kai. Ban yi ta ba. Na ga ko me ya amsa, na'am ɗin nan dai ita zan ce.

'Yan matan suka ci gaba da daka.

Alhamis, 19 ga Maris, da Azahar

Akwai.

Juma'a, 20 ga Maris, da Azahar

Akwai. Kaɗan.

Litinin, 23 ga Maris, bayan La'asar

Baba Matiyu ya sauke duk buhunan ya bar ɗaya a mota. Sai da muka gama sauran ya ɗauko shi a kafaɗa, yana nishi. Bai ɗora a sikeli ba. Bai ɗauki bokiti ba. Ya ajiye a gabana ya tsaya.

Na kwance bakin.

Jar ƙasa ce, mai danshi, irin ta can ƙasa wadda rana ba ta taɓa gani ba. Tsakar gidansu siminti ne, ba inda za su baza ta. Na sa hannu ina nema. Babu baƙar leda. Na zurfafa har gwiwar hannu. Babu.

Abin da na samu: dakakken ganyen magarya da aka tace, a dunƙule. Takardar kafur. Da wani siririn gefen farin yadi mai kauri da aka yanke. Na juya shi na gane. Haramin Bamanga ne, wanda ya yi aikin Hajji da shi ya adana don ranar tasa. Sayen likkafani a kasuwa sai an tambaye ka wa ya rasu.

Ubansa ne ya wanke shi, shi kaɗai. Shi ya sallace shi, shi kaɗai, a cikin sito, da murya ƙasa.

Na buɗe baki, ihun ya taho har maƙogwaro, na tuna tagar Malam Abdulhamid a buɗe take. Na cusa takunkumina a baki na cije.

Baba Matiyu ya daɗe a garin nan, ya raka gawar maƙwabta ba adadi, ya san abin da ake yi da magarya. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Muka tsaya a haka, ƙuda na yawo a kanmu.

Ya ce, "Hajiya, ban san abin da ya yi ba. Allah ya sani. Amma ke, Allah ya ba ki haƙuri."

Ita ce gaisuwar da na samu. Ba za a ƙara wata ba.

Ya ɗauki shebur ya kwashe ƙasar, ya kai gindin dalbejiyar bayan rumfa ya baza, ya bi da toka a kai. Ya ce gobe ma za a samu, da jibi, in bar masa. Yadin da ganyen na ƙulle a gefen zanina.

Talata, 24 ga Maris, da Azahar

Ƙasa.

Laraba, 25 ga Maris, da Azahar

Ƙasa, da takardar buhun siminti.

Yau kwana uku, in lissafina daidai ne. Ba tabarma a ƙofar gida, ba 'yar waina, ba mai cewa ya haƙuri. Na sayi ƙosai na raba wa masu gadi. Suka ce Hajiya an samu ƙarin girma ne? Na ce e.

Juma'a, 27 ga Maris, da hantsi

Mun rufe aikin. Malam Abdulhamid ya karɓi sakamakon, ya ga leda da roba da kwali da gwangwani duk a haɗe ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, ya ɓata rai. Ya ce ragowar abinci ma a sa, ai ana takin zamani da shi. Na ce a sa. Ya ce gida na huɗu da na sha ɗaya a cire su, ba su cika ƙa'ida ba. Na ce a cire.

Ya ce na rame. Na ce wari ne.

Lahadi, 29 ga Maris, bayan La'asar

Babu kwaɗo a ƙofar siton. An kwashe buhunan hatsi, an shafe ƙasan da sabon siminti sumul. Bilkisu ta shimfiɗa tabarma a ciki, da filo. Nan take kwana yanzu, ta gaya wa maƙwabta ɗakinta ya cika zafi.

Ta kama hannuna ta zaunar da ni a gefen bango, ta ɗora tafina a kan tabarmar ta danne da nata. Na gane nan ne kansa. Na daɗe ina son a bar ni in shiga ɗakin nan, yau an bar ni.

Ba mu jima ba aka yi sallama. Hanifa ce, maƙwabciyarsu, mace mai kirki, wadda tun bara ba ta fasa leƙowa ba ko da kowa ya ɗauke ƙafa. Ta shigo har siton, ta tuɓe takalmi, ta zauna tsakaninmu.

"Kai, Maman 'yan mata, daɓen nan ya yi kyau. Wa ya yi muku?"

"Baffansu ne, da kansa."

"Sannunsa. Af, Adda Suwaiba, gara da na same ki. Albishirinku. Ɗan wan mijina da ya ɓace tun kafin naku, shekaranjiya sai ga shi ya bugo waya. Yana raye! Uwarsa har suma ta yi. Na ce wallahi sai na zo na gaya muku, kar ku cire rai. Wani labari dai har yanzu?"

Bilkisu ta ce, "Har yanzu shiru."

"To ku ɗaga hannu. Yau jikina yana ba ni." Ta ɗaga nata, hawaye na zubo mata, na gaske. "Ya Allah, duk inda yaron nan yake ka tsare shi. Ka ciyar da shi, ka shayar da shi. Ka dawo da shi gidan ubansa da ƙafafunsa, uwarsa ta gan shi, Innarsa ta gan shi da idonta. Ku ce amin mana!"

Bilkisu ta ce amin, ta shafa.

Hanifa ta juyo tana jirana. Simintin bai gama bushewa ba, sanyinsa ya ratso tabarma yana shiga ƙashina.

Na ce amin.